Farantin Zinatu

Zinatu ta dawo daga karatu a ƙasar Sin
da tsarabar faranti, ɗan mitsitsi, ba ya cin tuwo.
Zane takwas a gefensa, kowanne layi uku,
wani a miƙe, wani a karye ta tsakiya.
Na ce, 'yar nan, ai wannan jerin bulo ne,
cikakke da rabi-rabi.
Ta yi dariya, ta kama yatsana tana nunawa:
sama, ƙasa, wuta, ruwa,
tsawa, iska, dutse, tafki.

Ni magini ne. Shekara arba'in da ɗaya,
daga Rafindaɗi har Ƙofar Sauri
babu lungun da ban bar tafin hannuna ba.
Ba duba nake yi ba, gaibu na Mai shi ne.
Likita ne ya ce jini ya hau, a zauna,
mai zama kuwa ba ya rasa abin kallo.

Wanda layinsa uku duk a miƙe shi ne sama.
Haka na so in zama, ba tsaga, ba sassauci.
Na manta abin da nake koya wa yara:
soron da ba a yi wa indararo ba
damina ɗaya ke durƙusar da shi.

Na ƙasa duk a karye yake.
Ladidi ke nan, Allah ya jiƙanta.
Kowa ya zuba mata damuwa ta karɓa,
ta mayar masa da gero.
Na ɗauka rauni ne,
ashe a kanta gidan nan yake tsaye.

Wuta, dubi yadda suka zana ta:
ƙarfi a waje, tsakiya rami.
Na gane kaina ranar da na daka wa Ɗan'azumi tsawa
don kusurwa ta kauce da faɗin farce.
Ya ajiye cebur, bai sake dawowa ba.
Na yi nasara, na kwana ina cin kaina
kamar itacen da ya ba wuta masauki.
Ruwa akasinta ne,
laushi a waje, ƙashi a ciki.
Shi ya fi ƙarfin duk katangar da na gina,
kuma ban taɓa jin ya ɗaga murya ba.

Tsawa na san ta, ta ziyarce ni a Safar:
layi guda ya motsa a can ƙasan ƙirji,
na faɗo daga tsani, duniya ta tsage biyu.

Dutse kuwa dogari ne bisa ƙofa,
ƙarfi a sama, hanya a ƙarƙashi.
Yana cewa tsaya.
Ban iya tsayawa ba sai da aka tsayar da ni.

Wanda na fi so shi ne tafki,
bakinsa a buɗe kamar mai dariya.
Mu kududdufi muke ce masa.
Duk gidan da ya tashi a birnin nan
akwai ramin da ya bari a bayansa.
Na yi ta ɗibar kaina ina gina wa mutane,
yanzu ina jiran ruwan da zai cika gurbin,
ko jikoki sa samu wurin wasa.

Iska ce ban gane ba tukuna.
Zinatu ta ce tana shiga ba ta fasa ƙofa.
To, a bar ni da ita zuwa baɗi.

Da safe nakan ɗora ƙwayar magani a tsakiyar farantin,
in ɗauko tsohon ma'aunina mai ɗigon iska a ruwa,
in aza shi a gwiwa.
Ɗigon ya gudu hagu, ya gudu dama,
ya ɗan tsaya.

Jiya na aika a nemo min Ɗan'azumi.
An ce yana Jibiya, yana gina nasa.