Hoton Ƙyale-Su

Shekara goma sha tara ina ɗaukar amare a Sabon Layi.
Na san yadda ake ce wa ango ya ɗaga haɓa,
na san yadda ake kaɗa makulli jariri ya yi dariya.
Amma ran da Baba Nomau ya aiko jikansa
ya ce in zo Ƙofar Guga da kayan aikina,
yaron bai ce mini kare zan ɗauka ba.

Ƙyale-Su sunansa.
Ja ne, kunne ɗaya a tsage,
da can shi ke gaba in an shiga dawa.
Tun ran da bindigar toka ta fashe a gefensa
ko murfin kwano ya faɗi, sai ya nemi ƙarƙashin rumbu.

Ina sauke jaka ya ɓace.
Wutsiya kawai na gani, ta shige tsakanin ƙafafu.

Na kafa ƙafar kyamara, ya yi gurnani.
Na gwada fitila sau ɗaya, kuskurena ke nan:
ya saki fitsari, jikinsa na kaɗawa
kamar ganyen darbejiya da hadari ya taso.
Tsohon bai yi faɗa ba. Ya ce,
"Ɗan nan, ka zo da sauri a aljihunka.
Fitar da shi ka ajiye a zaure."

Sai na naɗe ƙafar, na kashe fitila,
na kashe ɗan ƙaran da maɓalli ke yi.
Na zauna a ƙasa da shaddata ta Juma'a,
na ba shi gefe, ban ba shi ido ba,
don ido wurin mai tsoro faɗa ne.
Na yagi kilishi, na ajiye nesa da ni,
na shiga hira da kaji.

Inuwar katanga ta tashi daga turmi
ta kai bakin randa.
Wayata ta yi motsi sau uku, wata amarya tana jira.
Ta jira.

Can na ji numfashi a bayan gwiwar hannuna.
Hanci mai sanyi ya taɓa madaurin kyamara,
ya taɓa rigata.
Na ce a raina, to, sai an sake kaya kafin La'asar,
amma ban motsa ba.
Wanda ya yi tafiyar taku bakwai cikin awa biyu
ba a tarbarsa da zabura.

"Me za ka yi da hoton kare, Baba?"
Ya shafa idonsa na dama, wanda yana ta rufe.
"Na hagun ma ya kama hanya.
Ka yi mini babba, in gan shi tun ina gani.
Sau biyu ya tare mini gyado.
Mutane nawa suka yi mini haka?"

Karen ya zaga, ya zaga,
ya zube, ya ɗora haɓa kan ƙafar tsohon.
Kunnen da ya tsage ya kwanta.
Hasken yamma ya sauko ta kan danga, ba kuɗi, ba waya.
Ban kai kyamara fuska ba,
daga cinya na danna, ina duban kaji.

Ɗaya tak ya fito.
Sauran duk wutsiya ne da ƙura.

Ran Talata na kai masa a firam.
Ya kai shi dab da hanci, ya daɗe,
ya ce, "Shi ne. Har tabon.
Amma wannan ƙafar da ta tsattsage haka
ta wane tsoho ce?"

Ƙyale-Su na ƙarƙashin rumbu.
Bai fito ba.
Wutsiyar dai ta bugi ƙasa sau ɗaya,
na karɓa, na ƙi karɓar kuɗin.