Daƙiƙa Arba'in

Asabar ce, kaka ta sauka a Nebraska,
masara ta bushe a tsaye tana jiran inji.
Babana Orval ya zauna tun da hantsi
a kujerar da ta haddace bayansa,
jar rigarsa ta kwaleji ta koɗe
har ta koma launin ɓawon albasa.
Wasa sai biyu da rabi.
Shi tuni ya gama shiri.

A da hanya ɗaya ce:
eriya a kan rufi, tashoshi uku.
In iska ta juya ta, mamata Arlys ta leƙo ta taga,
"Hagu! A'a, ka zarce! Dawo kaɗan!"
shi kuwa yana can sama rungume da ƙarfe.

Sai kebul ya zo da tasha ɗari biyu,
biyu kawai yake kallo,
kuɗin kuma kowace shekara sai ya ƙara tsawo.
Bara ya yanke shi, ya ce ba zai ciyar da ƙato ba.
Mun gwada faifan tauraro:
hadari na haɗuwa, 'yan wasa su sandare
da ƙafa ɗaya a sama.

Yau ga ni da rimot biyu da waya,
ina lissafi kamar mai rabon gado.
Wasan makon jiya a wata manhaja yake,
na yau a wata daban,
kyauta ce kwana bakwai,
ran na takwas ta zura hannu a aljihu.
Ɗana Colby ya turo kalmar sirri daga makaranta,
haruffa da lambobi da wata alama
da baba ya ce shingen awaki ce.
Sau uku ina kuskure. A na huɗu ƙofa ta buɗe.

Ga fili kore shar. Ga 'yan badujala.
Ga samari cikin hulunan kwano
sun duƙa goshi da goshi kamar raguna,
ƙwallon nan mai siffar ƙwai na ƙasa tana jira.
Baba ya matso bakin kujera.

Tsakiyar zango na uku,
namu na neman yadi shida,
sai ihu ya tsallako shinge.
Wendell ne, maƙwabcinmu, mai eriya har gobe,
yana dukan tukunya a baranda.
A namu akwatin ko sahu ba su gama ja ba.
Daƙiƙa arba'in muke bayan duniya.

Baba ya dube ni, na dubi ƙasa.
Muka zauna kallon abin da ya riga ya wuce:
yaro mai lamba ashirin da biyu ya cafe,
ya kauce, ya zille, ya faɗa bayan layi.
Murnar ta iso mana da zafinta,
amma kowa ya san ɗumame ne.

Na ce, in sayo eriya gobe? Ba ta da tsada.
Ko mu haura gidan Wendell?
Ko in kunna rediyon mama da ke kan firiji?
Bai tanka ba. Ya miƙe da ƙyar,
ya rufe tagar da ke duban shinge,
ya jima hannunsa na kan sakata,
sannan ya sake buɗe ta, faɗin tafin hannu.

"Ƙyale shi," in ji shi.
"Uwarki ma haka take.
Daga kicin take riga ni sani,
ban taɓa jin haushi ba."

Saura daƙiƙa tara, maki biyu suka fi mu.
Mai bugu ya ja da baya yana auna sanduna.
Daga gidan Wendell babu ko tari.
Ko mun zubar,
ko kuwa tsohon ya lura da tagar, ya haɗiye ihunsa,
ban sani ba.
Baba bai dubi akwatin ba.
Kunnensa na waje, kofinsa ya huce,
ƙwallo na sama tana juyi,
tana juyi.