Kumfar Dare a Turaif

Ƙarfe biyun dare a Turaif,
injin na dama dutse kamar fura.
Aikina raba farin dutsen alli
da takin da ke ɓoye a jikinsa.

Na ɗiga ruwan tsami kan ɓarɓashi,
ya yi tsaki, ya tofar da iska,
tsohon numfashin teku
da ya ƙafe tun kafin rairayi ya zo.

Mun zuba masa sabulu
don ya hau kumfa, ya bar ɗan'uwansa a ƙasa.
Amma alli ba ya zaman lafiya a ruwa:
yana narkewa kaɗan-kaɗan,
yana shafa wa maƙwabci farinsa
har sabulu ya rasa wa zai kama.
Zama da maɗaukin kanwa ke nan.

Mamuda ya leƙo: "Allura ta hau."
Na ƙara tsami, ɗigo bakwai.
Inna Dije ta san wannan tun a Maiwurno,
a gindin tukunyar yakuwa,
da harshe take awo.

Kumfa ta taso, toka-toka, da nauyinta.
Na rubuta lamba.
Shayina ya huce.