Ɗan Lido Ya Ce Ɗaya

Daren Asabar a Garwa, bayan shagon ɗinkin Hamajoda,
wuta ta ɗauke tun magariba.
Mun jingina waya da kwalbar folere,
haskenta ya kwanta kan taswirar da na zana a kwalin sukari:
ga dutse, ga kogi, ga kogon dodo mai ido ɗaya.

Mu biyar ne, ni ke riƙe da labari.
Abin da na ce ya faru, ya faru,
amma sai ɗan lido ya yi magana tukuna.
Ni alƙali, shi shaida,
shaidan da ba ya karɓar toshiya.

Jaratu ta iso a makare, warin asibiti a mayafinta.
Ko zama ba ta gyara ba ta ce,
"Bokanyata za ta sa dodon nan barci."
Wata bakwai tana renon bokanyar,
ita ta raɗa mata suna Gogo Dudu,
ta saya mata sanda da ƙwayar wake goma sha biyu,
don wake ne kuɗinmu a waccan duniya.

Ta hura wa ɗan lido iska, ta jefa.
Ya bugi kofin shayi, ya yi rawa a bakin tabarma,
ya tsaya.
Ɗaya.

Tizi ya ɗora hannu a ka.
Ndotti ya ce, "Tsafi ya juye, ta mutu ke nan, ai haka doka take."
Hamajoda ya ce, "Hannunta ne ya zame, ta sake."
Ido takwas a kaina,
ni kuwa ina juya cokali a kofin da ba komai,
ina neman hanya.

In na kashe Gogo Dudu, na huta,
amma kisa aikin malalacin mai labari ne.
In na ce ba abin da ya faru,
na mai da ɗan lido tsakuwa,
gobe wa zai riƙe numfashi in an jefa shi?
Tsafin da ya ɓaci ba ya komawa gida hannu wofi.
Kamar ɗinkin yaron Hamajoda yake:
rigar tana nan, hannu biyu, aljihu ma akwai,
sai dai wuyan ya koma baya.

Wani mai babur ya wuce.
Can wajen Binuwai dorina ta yi gurnani,
ko kuwa cikin Ndotti ne, ban tantance ba.
Na gyara murya.

"Dodo ya yi barci," na ce. Tizi ya fara tafi.
"Dakata. Barcin Gogo Dudu ne ya shiga idonsa,
nata na yau, da na gobe, da na baɗi.
Muddin idonta biyu, yana kwance.
Ran da ta gyangyaɗa, ko ƙiftawar mai sallar asuba,
zai tashi, kuma da yunwa zai tashi.
Ga kogon a buɗe, ku shiga lafiya."

Shiru.
Sai Jaratu ta kwashe da dariya har ta zubar da waken Ndotti.
"Malam Sali, wannan ai ba tsafi ba ne,
aikin dare ka ba ni, a ɗakin jinya!"
Sai a lokacin na ga inda na ɗebo hukuncin,
na sunkuyar da kai don kunya.

Tizi ya ce jaruminsa zai riƙa yi mata tatsuniya.
Ndotti, da ya so a binne ta ɗazu,
ya sayar da garkuwarsa ya sayi goro.
Hamajoda ya ce ɓarawonsa zai goya ta in ƙafa ta gaza.
Ban shirya ko ɗaya ba. Takardata ta ce su yi faɗa da dodo,
su kuwa suna rabon gadi, wa zai fara, wa zai bi baya.

Ƙarfe goma da rabi Jaratu ta yi hamma,
hamma ta gaske, ta mai kwana uku a tsaye.
Mu huɗu muka daka tsawa tare:
"Kar ki rufe ido!"
Maƙwabci ya leƙo ta katanga,
yana tambaya ko lafiya.