Wa Ya Auna Kafaɗata?

Ɗana ya dawo makaranta da kundin tsarin mulki,
wai da sunanmu aka rubuta.
Na aje almakashi, na ce karanto.
Turanci tsantsa, har bangon baya.

Shekara ashirin ina ɗinki a Nima,
ban taɓa yanka yadi ban auna mai shi ba.
Wannan rigar fa, wa ya auna kafaɗata?

Ran da kwata ta shigo mana ɗaki
ba wakili muka jira ba.
Ƙofar Hajiya Zinatu muka taru,
mai koko, wanzami, har Kwabena direba,
aka ɗaga hannu, aka ƙirga.
Kafin la'asar ruwa ya sami hanya.

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, yaro.
Maida kundin jaka,
miƙo min zaren can.