Babu Abin da Ya Faru

Gadarif ta yi barci, ban da ni.
An ɗauke wuta tun sha ɗaya,
fitilar waya a haƙorana,
hannaye biyu na aiki.

Baba Ilu, gado na huɗu,
ya nome riɗi shekara hamsin,
ya rantse ƙafa ba ta taɓa cin amanarsa ba.
Na ɗaga ƙarfen gefen gado, ya harare ni:
"Akuya kika samu?"
Na ce, "Tulu na samu, Baba,
kuma ba ni da wani."

Duk awa biyu sai na juya Inna Tabawa
kamar waina a tanda,
kada gefe ɗaya ya ƙone.
In duba diddige, in duba ƙugu,
inda fata ke fara gunaguni
kafin ta buɗe baki.

Tabawa biyu ne a ɗakin nan.
Allura ɗaya.
Har na goge dantse da auduga,
sai na haska awarwaron suna.
Ba ita ba ce.
Na tsaya, gwiwata ta yi sanyi,
na sake karantawa, harafi harafi.

Buta ta kife bakin ƙofa.
Na share tas, na busar,
don na san wanda zai taso alwala.
Asalatu, ga shi kuwa.
Na sa masa takalmi, na ba shi kafaɗa,
bai ce komai ba, ya dafa.

Da safe na rubuta a littafi:
babu abin da ya faru.
Layi ɗaya.
Dare guda na kwana ina saƙa shi.