Mai Awon Gidan Onur

Kakana ya baro Haɗeja da niyyar Makka,
guzuri ya ƙare masa saura kwana uku ya kai Sawakin.
Ya hango hayaƙi a kan dutse, ya hau neman ruwa,
a nan aka binne shi bayan shekara arba'in.
Jabal Tibir ke nan. Wanda ya zo wucewa
yakan tsufa yana cewa gobe zai tashi.

Garin ya maƙale a gefen dutse kamar sheƙar zanzaro.
A ƙasa ramuka, a tsakiya mu,
can sama gidan Onur mai tagogi goma sha ɗaya,
inda ake dakan gahawa da citta tun kafin asuba,
mu ji ƙarar turminsu muna ɗaure fitila a goshi.

Aikina awo. Na gaji ma'aunin daga ubana:
faranti biyu na tagulla da duwatsun misƙali
a jakar fatar da ta yi baƙi don gumin hannu.
Kowane biyar, ɗaya na Nazir ne.
Rijiya tasa, zaiba tasa, raƙuman ruwa nasa,
har inuwar da muke jira a cikinta a biya mu.

Zan faɗi abin da ban taɓa faɗa ba:
dutsen awon ya fi misƙali da ƙwayar gero biyu.
Ubana ya sani. Ni ma na sani.
Shekara talatin ina cewa bismillahi in ɗora shi.

Da Nazir Hamad ya rasu, 'ya'yansa maza
suna Bur Sudan, suna lissafin jiragen ruwa.
Sitti Batul ce ta zauna a kan angarib ɗinsa,
littafin bashi a cinya, tabarau a karan hanci.
Ba ta ɗaga murya. Idan ta yi shiru
har jakunan kasuwa sukan sassauta kuka.

Sai jijiyar zinariya ta fara gudu.
Muka bi ta kamu ɗari, ta karkata, ta yi sama,
har Adarob mai tari ya kasa kunne a rufin rami
ya ji dakan gahawa a bisa kansa.

Ya hau ya gaya mata, ƙura har gira.
Ta dubi bangon da kakanta ya gina,
ta dubi hayaƙin gidajenmu, wanda ya ragu da rabi.
Ta ce, "Ku fitar da Alƙur'anai da tukwane. Ku haƙa."

Wata bakwai gidan yana nitsewa,
taga bayan taga, kamar tsoho mai gyangyaɗi.
Ita kuwa tana rumfar tabarma kusa da tawa,
tana hura gawayi da kanta.

Ranar awon ƙarshe ta miƙo hannu.
Na ba ta dutsen. Ta jinjina shi a tafinta,
ta daɗe tana kallona.
"Ashe kai ma ka sani," in ji ta,
ta jefa shi cikin ramin da ya ci ɗakin da aka haife ta.

Yanzu da ƙwayar gero nake awo, ina ƙirgawa ɗaya-ɗaya.
Yana cin lokaci. Masu haƙa suna tsaki a layi.
Daga nan, idan gari ya yi wasai,
ana ganin Bahar Maliya kamar bakin wuƙa.
Jikana ya ce baɗi zai ƙetare.